Godiya ga ma'aikatan reshen bankinmu kan farfaɗo da asusun da ya daskare

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Wannan takarda ta godiya ce gare ka da ma'aikatanka, musamman Hajiyar da ke teburin sauraron abokan hulɗa, kusa da ƙofar shiga.

Kowa ya san wahalar da ake sha kan asusun da ya daskare. Manomi zai sayar da hatsi da kaka, ya zuba kuɗin, bai sake waiwayarsu ba sai buƙata ta taso. Ya je wajen mai POS, kati ya ƙi. A ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya, asusun da ya yi wata shida mai shi bai taɓa shi ba ana ɗaukarsa marar motsi, in ya shekara kuma ya daskare. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ribar da banki ke zubawa da kuɗin alat da yake cira ba sa cikin lissafi. Dole mai asusun ne da kansa zai motsa shi.

Hajiya ba ta cewa mutum "je ka dawo gobe". Takarda take yagowa ta rubuta masa abin da zai kawo: katin NIN, lambar BVN, hoton fasfo biyu, da takardar kuɗin wuta ta kwanan nan. Wanda ya manta BVN ɗinsa, sai ta sa shi ya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi. Kafin ya cika fom kuwa, sai ta jera takardun a gabanta tana bin sunan da bakin biro, harafi bayan harafi. A nan ne gizo ke saƙa: Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, ko shekarar haihuwa ta sha bamban. In aka tura fom a haka, dawowa zai yi, mutum ya yi asarar mako guda da kuɗin mota. Ita tun a ranar take faɗa masa wanne zai fara gyarawa, na banki ko na ofishin NIMC, hukumar da ke ba da katin NIN. Tana kuma tambaya ko tsohon layin waya na nan, domin kamfani kan sayar wa wani layin da aka daɗe ba a amfani da shi, alat ya riƙa zuwa hannun baƙo.

Ba ta sallamar kowa sai ta ba shi shawarar da ta fi komai amfani: ko katin waya na naira ɗari ne ya saya daga asusun duk bayan wata biyu ko uku, ya wadatar. Masu fargabar kuɗinsu sun salwanta kuma tana kwantar musu da hankali cewa ko an shekara goma an mayar da kuɗin Babban Banki, kamar yadda ƙa'idar 2024 ta tanada, mai su ko magadansa na iya nemansu ta hannun bankinsu.

Ƙa'idar nan dai ta ce kyauta ake farfaɗo da asusu, cikin kwana uku na aiki. A wurinku haka abin yake. A wasu wuraren kuwa, dattijo zai wuni a layi cikin rana, a ce masa babu sabis, ko a tura shi reshen da ya buɗe asusun a wani gari, ko a yi masa bayani da Turancin da ba ya ji, kamar roƙo ya zo ba kuɗinsa ba. Magada masu ɗauke da takardar kotu ma sai su yi sawu biyar ba wanda ya kalli takardar.

Roƙonmu ɗaya, a ƙara kujeru a ƙarƙashin rumfar waje, domin ranar Litinin tsofaffi a tsaye suke jira. A isar mana da gaisuwa ga Hajiya. Allah Ya saka muku da alheri.

Wassalam,
Wasu abokan hulɗarku daga Kano