Ɗinkin Sarƙa Ba Ya Warwarewa Sai An Bar Bakinsa A Sake

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili kan ƙorafin da ake yawan yi wa masu aikin riga, wai ɗinkin sarƙa ba ya ƙarko. Ɗinkin ba shi da laifi, gaggawar mai yi ce.

Sarƙa zare ɗaya ce, kowane madauki yana riƙe da na bayansa. A hannu, ana fito da allura daga ƙasan yadi, a mayar da ita cikin ramin da ta fito, a sake fito da bakinta gaba kaɗan, zaren yana kwance ƙarƙashin allurar, sannan a ja. Tazarar milimita 3 zuwa 4 ta isa a miƙaƙƙen layi. A kwana kuwa, kamar da'irar da ake yi a babbar riga, sai a rage zuwa 2, in ba haka ba zagayen ya fito da kusurwa. Kada tsawon zare ya wuce santimita 50, domin yawan ratsa shadda na cinye shi har ya yi gashi. In an ja da ƙarfi, idon sarƙar ya rufe, yadi ya tattare, guga kuma ba ta gyara shi. In allura ta kauce wa raminta na farko, gindin madaukin ya buɗe, layi ya yi kama da tsani.

Inda aka fi faɗuwa shi ne madaukin ƙarshe, don babu mai riƙe shi. Kowa ya taɓa ganin yadda ake buɗe buhun sukari: a kama zare daga inda ɗinki ya ƙare, a ja sau ɗaya, ya zube gaba ɗaya. To, sarƙa ce. A buhu ana son haka, a wuyan riga asara ce. Maganinsa shi ne a ɗora ɗan ƙaramin ɗinki a kan madaukin ƙarshe, a shigar da zaren ta baya, a ratsa shi ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu kafin a yanke. Masu keken aiki irin Cornely, mai allurar ƙugiya da hannun juyawa a ƙarƙashin tebur, su ma dole su zaro wutsiyar zaren ta cikin madaukin ƙarshe su ɗaure. Yaran shago ne suka fi tsallake wannan, musamman daren sallah.

Ga masu saƙa da kwarashi, sarƙa ce tushen aiki. Madaukin da ke kan kwarashi ba a ƙirga shi. Sababbin hannu kan matse layin farko, sai mayafin jariri ya fito gindi tsuke, sama faɗi. A yi sarƙar tushe da kwarashin da ya ɗara na aikin da rabin milimita ko milimita 1, sannan a koma ƙaramin.

Mai karɓar riga kuma ya juya bayan aikin ya duba inda kowane layi ya ƙare. In ya ga wutsiyar zare tana lilo, ya mayar a ɗaure kafin rigar ta je wurin masu bugu.

Wassalam.
Daga wasu masu aikin riga da saƙa, Kano