Littafin da na kawo wa 'yata daga Delhi

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da duk ma'aikatan wannan jarida. Don Allah a ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun bara, wato maganar littattafan da mabiya addinin Hindu suke buga wa yaransu da manyansu na labaran allolinsu da jarumansu. Na san wani yana ganin haka zai ce a'uzubillahi me ya kai Musulmi nan, to a yi haƙuri a ji ta bakina tukuna.

Bara na raka mahaifiyarmu Delhi aikin gwiwa, muka yi kusan wata biyu, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya a can ya san yadda yake, daga asibiti sai masauki daga masauki sai asibiti. Wata Lahadi wani ɗan uwanmu ɗalibi ya ce Yaya taso mu je kasuwar littattafai ta Daryaganj ka ɗan sha iska. Kasuwa ce da take ci ranar Lahadi kaɗai, littattafai ne a zube a ƙasa jibgi-jibgi kamar albasa a Yankaba, wasu ma a kilo ake auna maka. A nan na ga wani yaro da bai wuce shekara 7 ba ya tanƙwashe ƙafa a kan siminti ya buɗe wani siririn littafi mai zane-zane, babansa na ta ciniki a kansa shi ko ɗago kai bai yi ba. Na leƙa, sai ga hoton wannan yaron mai shuɗiyar fata da sarewa da gashin dawisu a ka, wanda 'yata take gani a katun yana satar man shanu, ta sha tambayata Baba wannan wane ne in ce mata ban sani ba. Wallahi kunya ta kama ni, mutumin da ya tashi yana kallon fim ɗin Indiya tun zamanin Marhaba da Orion amma bai san Krishna, ɗaya daga cikin allolinsu, ba. Na sayi guda uku.

Sunan jerin littattafan Amar Chitra Katha, kuma yadda aka fara su shi ne ya fi taɓa ni. A 1967 wani mutum mai suna Anant Pai ya ga gasar kacici-kacici ta yara a talabijin ɗin gwamnatin Indiya, yaran suna amsa tambayoyi a kan tatsuniyoyin Girkawa tsaf-tsaf, da aka ce musu wace ce mahaifiyar Rama a labarin Ramayana sai aka yi tsit. Kausalya ce sunanta, amma ba su sani ba. Abin ya yi masa zafi, shi ne ya tara masu zane suka fara fitar da labaran a 'yan littattafai masu shafi wajen 32, da farashin da uba talaka zai iya. Kafin ya rasu a 2011 yaran Indiya Uncle Pai suke ce masa, an buga labarai sama da 400 a harsuna kusan 20, kuma ba na alloli kaɗai ba ne har da tarihin sarakunansu irin su Akbar da labarin Buddha.

Na manya kuma sai ka ji batun Gita Press, wata maɗaba'a a garin Gorakhpur na jihar Uttar Pradesh da aka kafa tun 1923. Ba sa karɓar talla a littattafansu, kuma suna sayarwa da arha sosai, har a tashoshin jirgin ƙasa suna da rumfuna, matafiyi ya saya ya zura a aljihu. Sun buga kwafi sama da miliyan 400. A 2023 da aka sanar an ba su lambar yabo ta zaman lafiya ta Gandhi sai suka ce sun karɓi karramawar amma kuɗin a bar shi. Babban littafinsu shi ne Bhagavad Gita, baiti 700 a babi 18, wani yanki ne daga cikin Mahabharata mai baiti kusan dubu 100. Na karanta fassararsa ta Turanci a bakin gadon Hajiya. Jarumi Arjuna ne ya tsaya a filin daga na Kurukshetra ya hango kawunansa da malamansa da 'yan uwansa a ɗaya ɓangaren, jikinsa ya mutu ya ajiye kwari da baka ya ce shi ba zai yi yaƙin nan ba, sai Krishna da ke tuƙa masa keken doki ya yi ta yi masa bayani, cewa ka yi aikin da ya hau kanka kar ka rataya zuciyarka ga sakamakonsa, kuma wai rai yana sauya jiki kamar yadda mutum ke sauya riga. Wannan ta ƙarshen ni ban yarda da ita ba ko kaɗan, mu mutuwa ɗaya ce sai tashin alƙiyama, amma a ranar na gane daga ina finafinan nan suke samo labarin wanda aka kashe ya sake dawowa duniya ɗaukar fansa. Shekara da shekaru muna kallo muna cewa ƙaryar 'yan fim ce, ashe aƙida ce.

Ramayana kuwa da na karanta wa 'yata sai na ji kamar a tsakar gidan wani sarki na nan ake yi. Sarki Dasharatha zai naɗa babban ɗansa Rama, sai kishiyar uwarsa Kaikeyi, bayan wata kuyangarta ta zuga ta, ta tuna wa sarki wani tsohon alkawari da ya yi mata, ta ce a ba ɗanta Bharata sarauta a kori Rama daji shekara 14. Rama bai yi musu ba don kar mahaifinsa ya zama mai karya alkawari, ya tafi da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana. Shi kuma Bharata da ya dawo ya ji abin da uwarsa ta ƙulla sai ya ƙi hawa karagar, ya je ya karɓo takalman yayansa ya ɗora a kai yana riƙon ƙwarya har ya dawo. Nan wurin sau uku ta sa na maimaita mata. Bikin fitilun nan na Diwali da muke gani a fim, a arewacin Indiya murnar dawowar Rama gida Ayodhya ake yi.

To matsalar ta taso ne da ta kai littafin maƙwabta ta nuna wa ƙawayenta. Bayan sallar Magariba maƙwabcina, mutumin kirki ne kuma ya girme ni, ya ja ni gefe ya ce Malam ka ji tsoron Allah, littafin gumaka ka kawo wa yarinya, ka ƙona shi. Ban ji haushinsa ba don na san kishin tauhidi ne ya sa shi magana, kuma tsoron nasa yana da tushe, yaro abin da ya gani da kala mai kyau shi yake zama masa a kai. Abin da na ce masa shi ne Yallaɓai ai yaran nan sun riga sun gani, suna gani a katun, suna gani a fim ɗin fassara da muke kunna musu da hannunmu, jaruma na kaɗa ƙararrawa a gaban gunki tana kuka mu kuma muna tayata jimami, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da wannan yake nufi ga kuma inda muka raba hanya da su. Ni da na zauna da ita na ce mata su haka suka yarda, suna ganin Allah yana saukowa a siffar mutum, mu kuwa me muka ce? Ita da kanta ta karanto Ƙulhuwallahu har zuwa bai haifa ba kuma ba a haife shi ba. Ban taɓa jin ta fahimci surar nan kamar ranar ba.

Kuma malamanmu na da ba su guji sanin waɗannan abubuwa ba. Al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, wajen shekarar 1030 ya rubuta littafinsa a kan Indiya yana kawo maganganun Gita a ciki, ya ce shi zai faɗi abin da suka yarda da shi yadda yake ne. Sannan Kalila wa Dimna da ake karantawa a makarantunmu na Larabci, asalinsa Panchatantra ne na Indiya, aka mayar da shi Farisanci sannan Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, diloli biyun da ke cikin labarin, Kalila da Dimna, sunansu na asali Karataka da Damanaka. Ko shirin Mahabharat da aka fara nunawa a talabijin ɗin Indiya a 1988, Musulmi ne ya rubuta maganganun 'yan wasan, Rahi Masoom Raza.

Ba wai komai na littattafan ne ya kwanta mini ba fa. Muna cikin karatu ta ɗora yatsa a kan wani shafi ta ce Baba me ya sa miyagun duk baƙaƙe ne masu kirkin kuma farare? Na duba, gaskiyarta, dodannin an zana su baƙi wuluk da jajayen idanu, sarauniyoyi kuwa fes kamar madara. Sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don yarinyar nan baƙa ce kamar ni. Daga baya na ga su kansu Indiyawan sun daɗe suna sukar kamfanin a kan wannan. Shi ya sa nake cewa kar a miƙa wa yaro irin wannan littafi a juya baya, uba ko uwa su fara karantawa, su zauna tare da shi, wanda kuma ya ga ba zai iya zaman ba to gara kar ya saya.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne tambayar Anant Pai. Da na dawo na gwada ta a gidanmu, na tara yara shida nawa da na ƙanena na ce wane ne mahaifin Nana Asma'u, ɗaya ce kawai ta ce Shehu Ɗanfodiyo, na ce wa ya haifi Bawo a labarin Daura aka yi ta kallon-kallo. Na zaga shagunan littattafai ina neman labarin Bayajidda ko Sarauniya Amina ko ganuwar Kano mai zane mai kyau na yara da Hausa, da ƙyar na samu wani abu, shi ma takardar kamar ta ƙunshin ƙosai. Alhali muna da masu zane, yaran nan da ke zane a waya da kwamfuta sun iya hannu sosai, muna da marubuta a Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, abin da babu shi ne wanda zai haɗa su ya sa kuɗi ya yi haƙuri da ƙaramar riba.

Don haka Malam Edita roƙona gare ku, ku ware ko rabin shafi ne duk mako a wannan jarida a riƙa zana wa yara labari ɗaya na tarihinmu, in ya taru a ɗinke shi littafi a sayar da kuɗin da bai fi na burodi ba. In kun fara, ni zan riƙa sayen kwafi goma duk fitowa in kai Islamiyyar unguwarmu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani uba daga Kano