Ina masu karatun tattalin arzikin muhalli?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana masu neman digiri na biyu. Kowa rububin harkar banki yake yi, alhali hamada na cinye gonakin Illela da Gada.

Dasa bishiya kam kowa ya iya. Wanda muka rasa shi ne mai lissafa asarar manomin albasa idan ruwan dam ɗin Goronyo ya ja baya, sannan ya tsara wa gwamnati matakin ɗauka. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda ke farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace a arewacin Najeriya, irin waɗannan ƙwararru yake buƙata, haka ma dokar sauyin yanayi ta 2021.

Don Allah Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta ƙara ƙarfafa wannan fanni.

Naka,
Wani malamin makaranta, Sakkwato