Abin da ya kayar da jam'iyyar Conservative ya girmi Farage

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan jam'iyyar Conservative ta Birtaniya, wadda ta rikito daga kujerun majalisar dokoki 365 a 2019 zuwa 121 kacal a zaɓen 4 ga Yuli, 2024.

Da yawa suna ɗora laifin a kan jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, tunda ta kwashe ƙuri'u sama da miliyan 4. Ta yi ɓarna, babu musu. Amma ni a ganina ciwon ya daɗe a jiki. Jam'iyyar masu matsakaicin ra'ayin riƙau jarinta ɗaya ne: jama'a su amince ta iya riƙon dukiyar ƙasa. Liz Truss, Firaministar Conservative a lokacin, ita ce ta ƙarasa zubar da wannan amana a Satumban 2022, da ta rage haraji ba tare da faɗin inda za a cike giɓin ba. Darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwan bashin gidaje ya hau, magidanta suka ji a jikinsu.

An taɓa yin haka. Ranar 16 ga Satumba, 1992, aka tilasta wa gwamnatin Conservative ta John Major fitar da fam daga tsarin musayar kuɗi na Turai. Tattalin arziki ya farfaɗo daga baya, amma masu zaɓe ba su yafe ba: a 1997 kujeru 165 suka bar wa jam'iyyar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ta ɓata shekaru bayan nan tana yi wa 'yan-gani-kashe-ninta waƙar da suke son ji. William Hague, shugabanta na lokacin, ya shiga zaɓen 2001 da batun kare fam daga maye gurbinsa da kuɗin euro, ƙarin kujera ɗaya tak ya samo. Sai da David Cameron ya karɓi ragama a 2005, ya koma maganar asibitocin gwamnati da muhalli, sannan waɗanda suka juya baya suka fara saurare. Ko a hakan, a 2010 sai da ya haɗa gwamnati da Liberal Democrats.

Ya kamata Kemi Badenoch, wadda ta karɓi shugabancin jam'iyyar a 2024, ta dubi kujeru 72 da Liberal Democrats suka ci a 2024, da yawansu tsoffin mazaɓun Conservative ne a kudancin Ingila. In ta bi sawun Farage, mutanen nan ba za su dawo ba, kuma ba ta da hanyar kafa gwamnati sai da su.

Na gode.

Wani mai bibiyar jaridarku