Alƙalin da ya kawo mana dokar Queensland

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in tunatar da ɗaliban shari'a wani Bature da ba a cika ambatonsa ba, alhali aikinsa ya daɗe yana tasiri a kotunanmu. Shi ne Henry Gollan, wanda ya riƙe muƙamin Babban Alƙalin Arewacin Najeriya a zamanin Lugard. Daga nan aka tura shi Bermuda, ya yi Babban Lauyan Gwamnati a Trinidad da Silon, wato Sri Lanka ta yau, ya ƙarasa aikinsa yana Babban Alƙalin Hong Kong daga 1924 zuwa 1930. Haka tsarin yake a wancan zamani: alƙali bai gama sanin ƙasa ba, an ɗauke shi.

Abin da ya bar mana shi ne kundin dokar laifuffuka na 1904. Bai tsaro shi daga al'adunmu ba, kundin Queensland ta Ostareliya na 1899 ya ɗauko ya daidaita. A 1916 aka shimfiɗa shi a duk Najeriya, su kuwa kotunan alƙalai da na sarakuna a Arewa suka ci gaba da hukunci da mazhabar Malikiyya. Sai ya zama laifi ɗaya, hukunci biyu, gwargwadon kotun da aka kai mutum.

Inda abin ya fi tsanani shi ne kisan kai. A kundin Gollan, wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin fushi ba a yanke masa hukuncin kisa. A Malikiyya kuwa, in an tabbatar da ganganci, magada ke da zaɓin ƙisasi ko afuwa. Wannan saɓani ya fito fili a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba, wanda ya kashe kwarton matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke shi. Sarakuna da alƙalai sun ji zafin wannan ƙwarai, kuma a ganina suna da hujja, domin an rushe hukuncin da ya inganta a shari'ar da aka ba su izinin zartarwa.

Sai da aka kafa kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Babban Alƙalin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, sannan Arewa ta samu nata kundin, wanda aka gina a kan na Sudan, ya fara aiki a 1960. Ya kamata tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu su riƙa koyar da wannan tarihi tun daga 1904.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Kebbi