Auren gidan sarautar Turai ba kwalliya kaɗai ba ne

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan yadda ake ta yaɗa hotunan bikin gimbiyoyin Turai, ana cewa sun more. Ni dai wallahi tausayi suke ba ni. Marie Antoinette fa shekararta 14 aka ɗauko ta daga Ostiriya aka kai ta Faransa a 1770 don ta auri yarima mai jiran gadon ƙasar, a bakin iyaka aka sa ta tuɓe kayan ƙasarsu ta saka na Faransa, yarinya ƙarama, ba uwa ba uba a kusa, sannan aka shekara takwas ana mata gorin haihuwa kafin ta samu 'yar fari a 1778.

Diana kuma 1981 ta auri Yarima Charles na Birtaniya tana 'yar shekara 20, duniya ta kalli rigar amarcinta a talabijin, amma zaman bai yi daɗi ba, aure ya mutu a 1996, shekara ta zagayo ta rasu a hatsarin mota a Paris masu ɗaukar hoto na bin ta a baya, ta bar yara biyu, ƙaramin ko 13 bai cika ba. Ina roƙonku ku riƙa kawo mana wannan ɓangaren ma.

Taku,
wata mai karatu