Ya kamata dokar K2 ta daina bin sinadari ɗaya-ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yunƙurin jihohin Amurka na saka wiwin roba, wanda ake kira K2 ko Spice, cikin jerin miyagun ƙwayoyi. Ina goyon bayan haramcin, amma yadda ake rubuta dokokin na damuna.

Bayan da jihar Kansas ta fara hana shi a 2010, yawancin dokokin farko sunan sinadari suka ambata. An hana JWH-018, ɗaya daga cikin sinadaran K2, masu haɗawa suka ɗan sauya fasalinsa, sabon samfuri ya fito. Dokar tarayya ta 2012 ma ba ta toshe wannan kafa ba. A Yulin 2016 mutum 33 suka zube a wata unguwa ta Brooklyn da ke birnin New York rana ɗaya bayan sun sha shi. A 2018 aka samu gubar ɓera a cikinsa a jihar Illinois, mutane suka riƙa zubar da jini, wasu suka rasu.

Na ga 'yan ƙullin nan da idona a kanti: leda mai ƙyalli da zanen yara, an rubuta wai turare ne, ba na sha ba. Busasshen ganye ne kawai aka fesa wa sinadari, kuma mai sayarwar ya san ba ɗaki za a turara ba.

Shawarata, majalisun jihohi su haramta dangin sinadaran gaba ɗaya, su hana fakewa da wancan rubutun, su ƙwace lasisin kantin da aka kama. Matashin da ya kamu kuwa a kai shi asibiti maimakon kurkuku.

Na gode.

Mai karatunku,
Bronx, New York